Dokta Alice Hamilton: Likitar Da Ta Bi Sawun Guba A Masana'antu

An haifi marigayiya Dokta Alice Hamilton a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 27 ga watan Fabrairu, 1869, amma a garin Fort Wayne ta jihar Indiana ta tashi. Ta sami digirin likita a Jami'ar Michigan a shekarar 1893, sa'an nan ta tafi Jamus ƙaro ilmi.

A 1897 ta koma birnin Chicago, inda ta zauna a Hull House, wani gida da aka kafa a unguwar talakawa baƙin haure. A can ne idonta ya buɗe. Maƙwabtanta leburori ne da ke shiga masana'anta da ƙarfinsu, kafin a jima su fito da ciwon ciki mai murɗa da shanyewar hannu. Masu masana'antu kuwa sai su ɗora laifin a kan shan giya da ƙazanta. Leburan kansu ba su san abin da suke taɓawa ba, domin babu wanda ya gaya musu.

A 1910 gwamnatin jihar Illinois ta ɗora mata jagorancin binciken cututtukan sana'a. Ta mai da hankali ga dalma, wadda ke taruwa a ƙashi, ta lalata jini da ƙoda da jijiyoyi, wani lokaci har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Da yake ba ta da ikon tilasta wa kowa ya buɗe mata ƙofa, sai ta riƙa bin littattafan asibitoci, tana zuwa gidajen majiyyata tana tambayarsu aikinsu. Ta haka ta gano sana'o'i fiye da 70 da ke jefa ma'aikata cikin gubar dalma.

Wani abu da ya faru a lokacin ya isa nuna irin nacinta. Ta tarar da wani ɗan Poland a asibiti da alamun gubar, aikinsa kuwa shafa wa bahon wanka farin ƙyalli. Littattafan likita ba su ambaci wannan sana'a ba, a masana'antar kuma aka nuna mata sashen da babu haɗari. Ba ta haƙura ba sai da ta gano inda ake barbaɗa wani gari a kan baho mai jan zafi. Ta karɓi kaɗan daga hannun wani ma'aikaci, aka auna, aka tarar kashi 20 cikin 100 dalma ce. Bawan Allah har gida yake kai wa matarsa tana goge tukwane da shi. A 1911 jihar ta kafa dokar kare irin waɗannan ma'aikata.

Daga baya ta yi wa gwamnatin tarayya bincike kan zaiba, mai kawo karkarwa da ruɗewar hankali, da benzin mai kashe ɓargo, da sinadarin nakiya da ya riƙa cin hantar ma'aikata a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1925 ta yi kashedi kan zuba dalma a man fetur, ba a saurare ta ba.

Ita ce mace ta farko da Jami'ar Harvard ta ɗauka malama, a 1919. Abin takaici, aka hana ta shiga kulob ɗin malamai da jerin gwanon bikin yaye ɗalibai, kuma har ta yi ritaya a 1935 ba a ƙara mata girma ba.

Ta rasu ranar 22 ga Satumba, 1970, tana da shekara 101, wata uku kafin Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar ma'aikata. Ƙarƙashin wannan doka ne aka fitar da ƙa'idar 1983 da ta wajabta liƙa wa mazubin sinadari takarda mai bayyana sunansa da haɗarinsa. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga tsarin alamomi na bai ɗaya, ciki har da hoton ƙirjin mutum mai tauraro a tsakiya, wanda ke gargaɗin cewa abin da ke cikin mazubin yana iya lalata gaɓoɓin cikin jiki.