Milton, Makahon Mawaƙin Ingila

An haifi John Milton a birnin Landan cikin 1608. Bayan ya gama karatu a Kambirij ya karantar da yara a gidansa, sa'an nan cikin 1649 gwamnatin da ta kawar da sarki ta ɗauke shi magatakarda, yana rubuta wasiƙun ƙasashen waje da harshen Latin. Yana kan aikin nan idanunsa suka rufe cikin 1652. Da sarauta ta komo cikin 1660, har tsare shi aka yi.

Cikin wannan hali ya tsara waƙarsa Paradise Lost, yana faɗa ana rubutawa, aka buga ta cikin 1667. Fam biyar aka fara biyansa. Tsarinta ya aro daga Homer da Virgil, amma maimakon yaƙin jarumawa sai ya ɗauko fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna. Bai sa mata ƙafiya ba, abin da kunnenmu zai ji bambaraƙwai. Abin da ya fi taɓa mu, makahon nan da haske ya siffanta gidan rahama, wutar azaba kuwa ya hana ta haske, har ya tsaya tsakiyar waƙar yana kukan idanunsa. Ya rasu cikin 1674.