Jean Rouch: Baturen da ya ɗauki fim ɗin 'yan Hauka

A watan Fabrairun 2004 wata mota ta yi haɗari a kusa da Birnin Ƙonni, 'yan kilomitoci daga Illela, inda wani tsoho Bafaranshe ɗan shekara 86 ya rasu. A Yamai aka binne shi. Sunansa Jean Rouch, ya kuwa shafe fiye da shekara hamsin yana ɗaukar finafinan rayuwa ta zahiri, akasari a Nijar.

An haife shi a Faris a 1917, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi. A shekara ta gaba tsawa ta kashe masa lebura goma. Wani matashi mai suna Damure Zika ya kai shi wajen kakarsa, wadda ta shirya tsarkin wurin irin na Zabarmawa, mai kama da borinmu. Abin da ya gani ranar ya karkatar da shi daga injiniyanci. A 1946 shi da abokai biyu suka bi Kogin Kwara cikin kwalekwale, a hanya ya rasa ƙafafun dora kyamara, dole ya riƙe ta a hannu. Wannan larura ita ta zama salonsa.

Ni ba masanin fim ba ne, harshe na karanta, kuma kalma ɗaya ce ta ja ni gare shi: Hauka. Sunan wasu iskoki ne da suka ɓulla a yankin Filinge wajen 1925, masu hawa kan mutum ya riƙa kwaikwayon gwamna ko janar ko direban jirgin ƙasa. A 1954 Rouch ya ɗauki bikinsu a wajen Akara, a tsakanin 'yan ci-ranin Nijar, har da inda suka yanka kare suka ci. Hukumar mulkin mallakar Ingila ta haramta fim ɗin, Les Maîtres fous, ɗaliban Afirka a Faris kuma suka ce cin mutunci ne. Daga baya Usman Sembene na Senegal ya zarge shi ido da ido da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

A ganina zargin yana da tushe, amma ba a hoton ba, a sautin. Mutanen suna magana, iskokin ma suna magana da gurɓataccen Faransanci da Turanci, amma muryar Rouch ta danne su, tana faɗa mana abin da suke nufi. Wa zai tantance fassarar?

Sai dai mutumin yana jin gyara. Da ya nuna wa masuntan Ayaru fim ɗin farautar dorina da ya ɗauke su, sun ƙi yarda da kiɗan da ya sa, domin dorina za ta ji ta gudu. Ya cire kiɗan. A Moi, un Noir na 1958 kuwa, ya zaunar da wani ɗan dako Banijare a Abijan, Umaru Ganda, tsohon sojan yaƙin Indocin, ya bar shi ya dora wa hotunan labari da bakinsa. Duk da haka da Faransanci ya yi, kuma Rouch ne ya zaɓi abin da za a yanke.

Ganda ya koma gida ya zama darakta, 'yan wasansa suna magana da Zabarmanci. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karon farko da aka ba da ita.