Joseph Tarka: Ɗan Adawar Lardin Binuwai da Ya Rasu Yana Sanata

Duk wanda ya taɓa bin motar doya daga Makurɗi zuwa Gboko, a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Zaki Biam, ya ratsa wani gari da ake kira Wannune. Nan ne hedikwatar ƙaramar hukumar Tarka. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyarmu sun sha ganin sunan a allon bakin titi, sun ɗauka sunan ƙasa ne kawai. To, sunan mutum ne. Tun da an ba ni fili a wannan fitowa ta bikin cikar shekara, na ga ya dace in kawo tarihinsa, don mun daɗe muna cin arzikin ƙasarsu ba tare da mun san shi ba.

An haifi Joseph Sarwuan Tarka ranar 10 ga Yuli, 1932, a ƙauyen Igbor cikin ƙasar Tibi, a Lardin Binuwai na tsohuwar Jihar Arewa ta Najeriya. Mahaifinsa malamin makaranta ne wanda daga baya ya yi sarauta a yankin Mbakor. Ya yi firamare a Gboko, ya yi midil a Katsina-Ala, ya ƙaro karatu a Bauci, shi ma ya kama aikin koyarwa. A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya a Legas, yana ɗan shekara 22 kacal. A 1957 ya zama shugaban jam'iyyar UMBC, wadda ta haɗa kan ƙananan ƙabilun tsakiyar Najeriya.

Bukatar jam'iyyar ba ta da wuyar ganewa. Lokacin, gwamnati ɗaya ce ke riƙe da Arewa daga Sakkwato har Binuwai, tana zaune a Kaduna, a hannun jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello. Tarka da mutanensa suna so a yanke musu jiharsu. Turawa sun kafa kwamitin Willink don ya saurari koken ƙananan ƙabilu, amma a rahotonsa na 1958 bai yarda da ƙirƙiro sabbin jihohi ba. Sai Tarka ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar AG ta Obafemi Awolowo, wanda ya yi alkawarin goyon bayan wannan bukata. A zaɓen 1959 ƙasar Tibi ta juya wa NPC baya.

Adawa a wancan zamani ba wasa ba ce. En'e ke karɓar haraji, ita ke da 'yan doka, kotunan gargajiya a ƙarƙashinta suke, kuma manyanta suna tare da jam'iyyar gwamnati. Mutanen Tarka sun yi ta kukan cewa ana ɗora musu haraji fiye da kima, ana ɗaure su kan laifin da bai kai ya kawo ba, ana hana su taro. Dattawan da suka yi NEPU a Kano da Katsina irin wannan labarin suke bayarwa. A 1960 abin ya fashe, aka ƙona gidaje masu yawa. A 1964 ya sake tashi, wannan karon da zubar da jini sosai, har sai da aka tura soja. Bai kamata a wanke kowa a nan ba: magoya bayan Tarka ma sun ƙona gidajen maƙwabtansu, sun kashe mutane saboda bambancin jam'iyya. Tsakanin rigingimun biyu, a 1962, aka kama shi tare da su Awolowo bisa zargin cin amanar ƙasa. An ɗaure Awolowo shekara 10, shi kuwa kotu ta sallame shi don babu hujja.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne sha'anin Alhaji Ibrahim Imam. Wannan Babarbare ne, Musulmi, ɗan Maiduguri, wanda ya taɓa zama babban sakataren NPC kafin ya raba gari da su ya koma adawa. Siyasa ta yi masa zafi a Barno har ta kai ba shi da wurin tsayawa takara a gida. Tarka ya ɗauko shi ya tsayar da shi a wata mazaɓa ta ƙasar Tibi a zaɓen majalisar Arewa na 1961, ya nemi jama'arsa su ba shi ƙuri'a. Suka ba shi. Mutumin da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, ya tafi Kaduna yana wakiltar manoman doya, kuma shi ne jagoran 'yan adawa a majalisar. Mu da muke zaman baƙunta a kasuwannin wasu mun san ko rumfa ba kowa ke bar wa baƙo ba, balle kujerar majalisa. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa ƙin Hausawa ko ƙin Musulmi ne ya tayar da Tarka ba. A zaɓen 1964 ma da Malam Aminu Kano ya haɗa kai.

Soja ne suka ba shi abin da ƙuri'a ta kasa ba shi. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi 12, cikinsu har da Binuwai-Filato mai hedikwata a Jos. Aka naɗa Tarka kwamishinan sufuri na tarayya, daga baya aka mayar da shi sadarwa, kuma ya tsaya da gwamnatin tarayya duk tsawon yaƙin basasa. Amma fitarsa ba ta yi daɗi ba. A 1974 wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilarsa, Godwin Daboh, ya yi rantsuwa a kotu yana zarginsa da cin hanci. Jaridu suka ɗauki maganar, matsi ya yi yawa, ya ajiye aiki. Har yau mutanen Binuwai ba su daina gardama a kan wannan zargi ba. A 1976 Murtala Muhammad ya ware jihar Binuwai ita kaɗai, Makurɗi ta zama hedikwata.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, wasu sun zaci zai koma wajen Awolowo. Sai ga shi cikin waɗanda suka kafa NPN, jam'iyyar da tsofaffin 'yan NPC suka cika. Wasu suka ce ya ci amanar gwagwarmayarsa. A nawa ganin, abin da ya raba shi da su tun farko shi ne maganar jiha, kuma jiha ta samu. Saura kuma yadda za a kawo wa jihar titi da makaranta, wanda bai cika zuwa hannun ɗan adawa ba. Ya ma nemi jam'iyyar ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari ya yi galaba. Bai yi fushi ya fice ba. Ya koma gida ya yi wa jam'iyyar aiki, Binuwai ta zaɓi Shagari, kuma na hannun damarsa Aper Aku ya zama gwamna.

Shi kansa ya ci kujerar sanata a zaɓen 1979, aka ba shi shugabancin kwamitin kuɗi da kasafi na Majalisar Dattawa, kwamitin da kasafin ƙasa ke bi ta hannunsa. A zaɓen nan ɗansa Simeon ya shiga Majalisar Wakilai, wadda uban ya fara shiga shekara 25 kafin nan. Sai dai kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba. An rantsar da gwamnatin farar hula a watan Oktoba, ciwo ya kwantar da shi, aka fita da shi Landan neman magani. A can ya rasu ranar 30 ga Maris, 1980, yana da shekara 47, bai cika wata shida cur a majalisar ba.

Ban da ƙaramar hukumar da na ambata, filin wasan ƙwallo na Gboko sunansa yake ɗauke da shi, haka ma jami'ar aikin gona ta tarayya da ke Makurɗi, wadda aka sauya wa suna domin tunawa da shi.