Alhaji Abubakar Imam, Gwanin da Ya Koyi Ba da Labari Wajen Auna Labaran Wasu

Duk wanda ya koyi karatun Hausa da baƙin boko, ko a lakwal ko a ajin yaƙi da jahilci, da wuya a ce bai taɓa riƙe Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja a hannunsa ba, ko kuwa bai ji ana karanta su a zaure ba. Mutane da yawa suna tsammani mawallafinsu zama kurum ya yi, labari ya dinga zubo masa kamar ruwan sama. Baiwa kam Allah ya ba shi. Amma tarihin marigayi Alhaji Abubakar Imam ya nuna abu biyu ne suka wasa wannan baiwa: karatun littattafan wasu da idon mai bincike, da kuma haƙurin da ya yi sa'ad da aka auna nasa rubutun, aka nuna masa aibinsa.

An haife shi a cikin shekara ta 1911 a garin Kagara, cikin lardin Kwantagora na arewacin Nijeriya. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, saboda haka da allo yaron ya fara, ya yi karatun Alƙur'ani da na Larabci tun bai san boko ba. Daga baya ya tashi a Katsina, maƙwabciyar Maraɗi, wajen yayansa Malam Bello Kagara. A shekara ta 1927 ya shiga babbar makarantar horon malamai ta Katsina, inda ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a makarantar Midil ta garin. Ke nan tun yana ɗan shekara 21 ya riga ya iya karatu da harshe uku, watau Hausa da Larabci da Ingilishi.

A wannan zamani akwai wani ofis a Zariya mai kula da fassara da shirya littattafan Hausa, shugabansa kuwa wani Bature ne ɗan Ingila, Rupert East, wanda ya san Larabci, ya kuma ƙware da Hausa. East ya lura ana koya wa yara karatu amma ba su da abin karantawa don jin daɗi. Sai a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai su rubuta, za a yi gasa, a buga waɗanda suka fi. Abin bai zo da sauƙi ba, domin malaman lokacin suna ganin alƙalami na addini ne da tarihi da waƙar wa'azi, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara, da dare. Duk da haka aka sami waɗanda suka amsa. Daga wannan yunƙuri aka buga littattafai biyar: Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sa'an nan da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Ruwan Bagaja labarin yawon duniya ne na wani mai suna Alhaji Imam, wanda ya fita neman wani ruwa mai warkar da cuta, ko'ina ya sauka sai ya gamu da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa yana ƙulla wa ɗan'uwansa tuggu. Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. Imam da kansa ya bayyana cewa ya samo shi daga Muƙamat na Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 1122, littafin da ɗaliban Larabci ke karantawa a zaurukan malamai. Can ma mutum biyu ne ke ta gamuwa gari gari, Harisu mai ba da labari da Abu Zaidu mai wayo. Saurayin malamin ya karanta, ya gane inda daɗin littafin ya ke, watau sake gamuwar mutum biyun a sabon wuri da sabuwar dabara, sai ya gina nasa a kan wannan ginshiƙi.

Sai dai East ya ga wani abu da bai gamshe shi ba. Ya tarar waɗansu labaran da ke cikin rubutun daga littattafan wasu aka ɗebo su, ba a kuwa sake musu kama sosai ba. A 1934 ya rubuta wa Imam takarda ya faɗa masa haka, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Irin wannan magana ta ishi saurayi ya yi fushi ya jefar da alƙalami, balle ga wanda bai daɗe da jin an yaba masa ba. Da ya yi haka, da harshen Hausa ya yi babbar hasara. Imam ya karɓi gyara, aka gyara littafin aka buga shi, ya kuma riƙe darasin har ƙarshen ransa: ɗaukar labarin wani yadda ya ke kwafi ne, amma wanda ya warware labari ya ga yadda aka saƙa shi, sa'an nan ya sake saƙa da nasa zaren, ya yi aikin marubuci.

A shekara ta 1936 aka aro shi daga makarantar Katsina zuwa Zariya na wata shida, domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu. East ya tara masa littattafai iri iri: Alfu Laila, watau Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin da ƴan'uwan nan biyu Grimm suka tattara a Jamus, da na Andersen ɗan Danmark, da labaran Indiya da na Farisa. Aikin Imam shi ne ya karanta, ya tace, ya zaɓi wanda zai zauna a bakin Bahaushe, ya bar wanda ba zai zauna ba. In ya rubuta sai East ya duba, su tattauna, a koma a sake. Cikin abubuwan da Imam ya ce ya koya a wannan zama akwai biyu da ya fi tunawa. Na ɗaya, kada a bar mugu ko macuci ya yi nasara a ƙarshen labari, kome ƙarfinsa da fari. Na biyu, mai juya magana daga wani harshe kada ya zama bawan kalmomi; in ya fahimci manufa, to, ya faɗe ta da Hausa mai daɗi daidai da daɗin da ta ke da shi a harshen mai ita.

Abin da ya fito daga wannan wata shida shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai wajen 80. Na farko ya fito a 1937, sauran biyun suka biyo baya. Wanda ya gwada su da asalinsu zai ga irin aune-aunen da aka yi. A Indiya akwai tsohon littafi na labarai 70, inda wani aku ke tsare matar ubangijinsa da hira kowane dare don kada ta fita wajen wani namiji, mijin yana can fatauci. Imam ya ga dabarar tana da kyau, domin kowane dare mai karatu yana fargaba ko za a fita ko ba za a fita ba. Amma dalilin fitar bai dace da littafin ƴan makaranta ba. Sai ya riƙe akun, ya riƙe fargaban, ya sake dalilin: nasa akun yana tsare Musa ne, ɗan Sarki Abdurrahman, don kada ya bar fada ya faɗa tarkon wani azzalumin waziri sa'ad da sarki ya tafi yaƙi.

Haka kuma labarin Kalala da Kalalatu yana da ɗan'uwa cikin tatsuniyoyin Grimm. Can wata kuku ce mai kurɓar giya ta cinye kaji biyu da aka soya don baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa, ta ce wa maigidan baƙo ya gudu da kajin. A hannun Imam kukun ta zama matar gida, rigimar ta koma tsakanin miji mai son kiran baƙi da matarsa, abin da kowane Bahaushe ya sani a unguwarsu. Labarin Sarkin Busa shi ma daga Jamus ya taso, daga labarin mabushin garin Hamelin, amma mai karatu a Damagaram ko Tawa ba zai ji baƙon ƙamshi a jikinsa ba. Sunaye, da sarauta, da gaisuwa, da karin magana, da ba'a, duk na gida ne.

Littafi na uku shi ya fi nuna abin da ke zuciyar mawallafin. A cikinsa akun, wanda ya riga ya zama waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar ba da labari: ya ba shi labari, ya jarraba shi, ya gyara masa inda ya kauce. Watau Imam ya ɗauki irin makarantar da shi kansa ya yi a Zariya ya sa ta cikin littafi, domin yaro mai karatu ya gane hira ma ilmi ce da a ke koyo wajen na gaba, ana kuskure ana gyarawa.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ya zama editanta na Hausa, ya yi shekara fiye da goma a kan wannan kujera. Nan wanda a da a ke gyara wa rubutu ya koma mai gyara na wasu. Wasiƙu suna zuwa daga ko'ina, shi ke karantawa, ya zaɓa, ya daidaita, ya amsa, har Hausar jaridar ta zama abin koyi ga masu rubutu. A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar ƴan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya haɗa kai da East suka rubuta Ikon Allah, a kan halittu da al'amuran duniya, ya kuma yi littattafai a kan tarihin Musulunci. Daga baya ya shiga majalisa, ya riƙe manyan ayyukan hukuma a Jihar Arewa.

Bayan zamaninsa malaman jami'a sun bi labaran Magana Jari Ce ɗaya ɗaya suna neman tushensu. Waɗansu sun ga aibi da ba a ambaci littattafan da aka ɗebo daga cikinsu ba, wannan kuwa magana ce mai hujja, wadda ya kamata marubucin yau ya kiyaye. Amma binciken nan kansa ya ƙara bayyana girman aikin, domin sai an ajiye na asali kusa da na Imam a ke ganin abin da ya zubar, da abin da ya riƙe, da abin da ya ƙara daga hirar da ya ji tun yana yaro.

Ga wanda ya sami takardar shaidar yaƙi da jahilci yana marmarin rubuta labari, da ma'aikacin da ke juya takardun Faransanci zuwa Hausa, hanyar da wannan bawan Allah ya bi a buɗe ta ke. In ka karanta labari ya yi maka daɗi, koma ka nemi wurin da daɗin ya fito. In ya gundure ka, nemi wurin da ya saki. In ka rubuta naka, miƙa shi ga wanda ba zai ji nauyin faɗa maka gaskiya ba, kada kuma ka yi fushi da abin da ya faɗa.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ran 19 ga watan Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.