Rowland Bingham: mutumin da zazzaɓi ya kora har sau biyu

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibitin Galmi ya ci moriyar haƙurin wani mutum da ƙila bai ma san sunansa ba, wato Rowland Bingham, jagoran mishan ɗin SIM da muke gani har nan Yamai.

An haife shi a Ingila a 1872, ya koma Kanada yana saurayi. A Disamban 1893 ya sauka Legas da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, da niyyar kawo bishara ƙasar Hausa. Tun a Legas zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Abokan suka yi gaba. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, ta wajen Zariya, Kent kuma a Bida.

Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Bai ɓoye ba cewa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai, ni kuwa wannan gaskiyar tasa ce ta fi taɓa ni. Da ya kai wa mahaifiyar Gowans 'yan kayan ɗanta, ita mai makokin ce ma ta ƙarfafa masa zuciya ya dogara ga Ubangiji.

A 1900 ya dawo, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka maida shi gida. Sai a 1902 ayarin da ya turo ya samu wurin zama a Patigi, bakin Kwara. A 1924 aikin ya iso Damagaram.

Ya rasu a 1942, shekara 8 kafin a buɗe asibitin Galmi.