Edward Lawton: Bishop na farko na Sakkwato da cocin da ya dogara da baƙi

Duk ranar Lahadi, a ƙananan majami'un Katolika na garuruwan kasuwanci irin su Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, akasarin masu cika bencina mutane ne da neman abinci ko canjin wurin aiki ya kawo su: ɗan kasuwa, malamin makaranta, ɗan sanda, ma'aikaciyar jinya. Wannan yanayi ya girmi jihar kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1991. Haka Edward Thaddeus Lawton ya tarar da shi, kuma a kansa ya ƙare rayuwarsa.

An haifi Lawton a birnin Boston na Amurka a 1913. Ya shiga ƙungiyar limaman Dominikan, aka naɗa shi Fada a 1943. A 1951 ya sauka Legas cikin ayarin farko na 'yan ƙungiyar, tare da Fada Michael Dempsey, suka karɓi aikin cocin Saint Dominic a Yaba. Bai daɗe a can ba. A 1953 fadar Fafaroma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina daga ƙarƙashin Kaduna, ta mai da su yanki mai zaman kansa, kuma a farkon 1954 ta ɗora Lawton a kansa. Ƙasar Gwandu da ta Yawuri duk suna cikin wannan yanki.

Ƙasa ce mai faɗi, amma mabiya ƙalilan. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita wa'azin mishan a cikin masarautun Musulmi, don haka Katolikan da ke akwai galibinsu 'yan Kudu ne, musamman Ibo, mazauna Sabon Gari. Wannan ne ya sa Gusau ta zama cibiyar aikinsa tun farko, ba birnin Sakkwato ba: a Gusau ne jirgin ƙasa yake tsayawa, can ake awon gyaɗa da auduga, can akawuna da 'yan reluwe suka taru. Daga cocin Our Lady of Fatima na Gusau aikin ya riƙa miƙewa zuwa Sakkwato, Katsina, Funtuwa, Malumfashi da Yelwa.

Babbar matsalarsa ta yau da gobe ita ce ƙarancin ma'aikata. Fada ɗaya kan ɗauki nauyin garuruwa da dama masu nisa da juna, a kan hanyoyin da damina ke lalatawa. A ƙa'idar Katolika kuwa, ba mai jagorantar ibadar Mas ko sauraron masu furta zunubansu sai Fada. Saboda haka ƙaramar jama'a a gari irin waɗanda ke kan hanyar Sakkwato zuwa Yelwa, wadda ta ratsa Jega da Maiyama, takan jira makonni kafin ya iso. A tsakani, malamin katikis ne ke riƙe da coci: shi ke jan addu'ar Lahadi, ya shirya masu neman baftisma, ya tsaya a wurin jana'iza, ya kuma adana littafin sunaye. Tarihi ya fi ambaton Fada, amma rabin aikin a wuyan waɗannan malamai yake.

Ta fannin kuɗi ma ba sauƙi. Baikon da ake tarawa ranar Lahadi daga aljihun akawu da ƙaramin ɗan kasuwa ba ya gina makaranta, ba ya sayen mota. Gibin yakan cike ne daga tallafin ofishin Fafaroma mai kula da mishan da kuma gudummawar Katolikan Amurka. Daga can ne kuma aka samo ƙarin hannu: a 1956 wasu Sistoci 'yan Dominikan daga Great Bend a jihar Kansas suka iso Gusau, suka kama aikin jinya da karɓar haihuwa da koyarwa. Ta ƙofar asibiti ne yawancin Musulmin yankin suka fara sanin mishan ɗin.

A watan Yunin 1964 aka ɗaga yankin zuwa cikakkiyar dayosis, Lawton ya zama bishop ɗinta na farko. Naɗin ya zo ana tsakiyar babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, wanda kuma ya ba da damar yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin zalla. Ga cocin da ke zaune a tsakiyar Hausawa, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, ko da yake mafi yawan mabiyan wancan lokaci ba Hausa ce harshen gidansu ba.

Bishop Lawton bai samu sararin cin gajiyar sauyin ba. Ranar 15 ga Janairun 1966 aka yi juyin mulkin da aka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ƙarshen Mayu, sannan a Satumba da Oktoba, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, aka kashe 'yan Kudu masu yawa, sauran suka tsere gida. Cikin watanni kaɗan bencinan majami'unsa suka zama wayam. Malaman makaranta sun tafi, malaman katikis sun tafi, masu ba da baiko sun tafi. Aikin shekara goma sha biyu ya tsaya a kan mutanen da asalinsu ke wani wuri, kuma ranar da suka kama hanya sai ya koma kusan farko.

Ranar 19 ga Disamban 1966, yana cikin mota a kan hanya, ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu yana da shekara 53. A 1967 aka naɗa abokin tafiyarsa na farko, Michael Dempsey, ya gaje shi, ya kuma riƙe kujerar har 1984. Bayansa Kevin Aje ya zama ɗan Najeriya na farko da ya hau ta, sannan Matthew Hassan Kukah a 2011.