Dieffenbach: Likitan da Ya Fara Tiyatar Karkataccen Ido

Idan idon ɗanku yana karkata wajen hanci, abin da ake kira harara-garke, ku sani an fi shekara 180 ana yi wa wannan lalura aiki. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Johann Friedrich Dieffenbach, Bajamushen da aka haifa a Königsberg a 1792.

Ilimin addini ya fara karantawa, sannan ya shiga yaƙin da aka yi da Napoleon. Bayan yaƙin ya koma karatun likita, ya kammala a 1822, ya yi suna a Berlin wajen gyaran hanci da tsagaggen leɓe.

Kowane ido yana da tsokoki shida masu juya shi. Dieffenbach ya ga cewa idan aka sassauta tsokar da ke jan ido wajen hanci, idon zai iya miƙewa. A watan Oktoba na 1839 ya yanke wannan tsoka a idon wani yaro ɗan shekara 7, lokacin da ba a fara amfani da maganin sa barci ba, kuma idon ya daidaita. Ya wallafa littafi kan aikin a 1842, ya rasu a Berlin a 1847.

Hanyarsa tana da illa: tunda yanke tsokar ake yi gaba ɗaya, idon wasu yakan wuce ya karkata waje. Shi ya sa a yau likita ke auna karkatar, ya ɗaga tsokar, ya sake ɗinke ta ɗan baya kaɗan, yaron yana barci. Ba a ciro ido daga gurbinsa.

Amma ba kowane yaro ke buƙatar tiyata ba. Wani tabarau kawai zai miƙar masa da ido, wani kuma sai an riƙa rufe lafiyayyen idon domin mai raunin ya koyi gani. Haɗarin jinkiri shi ne ƙwaƙwalwa ta yi watsi da karkataccen idon, ganinsa ya raunana har girma.

Saboda haka idan jariri ya wuce wata 6 idonsa bai daina karkata ba, kada ku jira ya girma. Idan kuka ga fari a tsakiyar baƙin idon, ku garzaya asibiti nan take. Daga Gwarzo ko Kabo, ku fara da asibitin da ke kusa, ku nemi a tura ku wurin likitan ido a Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ido na ECWA.